Askin da Mudi Ya Yi wa Bishiyoyin Yayarsa

A unguwar su Mudi, can bayan kasuwar hatsi ta Gadarif, in baƙo ya tambayi inda yake ba a yi masa kwatance. Ce masa ake ya yi shiru ya kasa kunne, duk inda ya ji wata murya tana cewa "ai ni lokacin da nake Khartum", to ya nufi can. Mudi ya taɓa yin gadin ƙofar wani otal a Khartum na ɗan lokaci, amma tun da ya dawo aikin nan yake ta ƙara girma a bakinsa. In ana hirar mota, shi ne direban manaja. In ana hirar abinci, shi ne shugaban masu dafuwa. Ranar da aka yi hirar ciwon haƙori a wurin mai shayi, sai da ya rantse ya taɓa cire wa wani Bature haƙori da filaya, Baturen yana ta godiya.

Yayarsa, Hajja Ummuhani, tana da gida mai faffaɗan hosh, wato tsakar gida, kuma a cikinsa akwai bishiyoyi uku da marigayi mijinta Malam Suleiman ya kawo daga Kassala suna 'yan tsirrai a cikin gwangwani. Mutanen unguwa suna kiransu fursha, don furensu ja ne jawur, dogo mai gashi-gashi, sak burushin da ake zura wa kwalba a wanke ta. Tun rasuwar Malam ba wanda ya taɓa su. Suka yi tsawo, suka yi buzu-buzu, rassa suka sunkuyo suna ture wa mai wucewa hula, wasu suka tsallake katanga suna leƙen gidan maƙwabci Awad mai kiwon tantabaru.

To, sai ga magana ta taso. Dangin Khalid, saurayin 'yarta Ihsan, suka aiko cewa ranar Juma'a za su zo neman aure.

"Ba wani babban abu nake so ba," in ji Hajja, tana zuba wa Mudi gahawa daga jabana, wato butar gahawa mai dogon wuya. "A ɗan rage waɗannan masu tsokane ido, a ɗebe busassun. A ƙarƙashinsu zan yi wa mata shimfiɗa. Amma duk mai hannu a garin nan ya tafi Fashaga yankan riɗi."

Mudi ya dire finjalinsa, ɗan kofin gahawa, har gahawa ta fantsalo.

"Yaya, yau kin zage ni. Ina zaune a gabanki kike cigiyar mai hannu? Ni da na riƙe lambun otal guda?"

"Ba gadi ka ce ka yi ba?"

"Gadin lambun. Wa ya kai mai gadi sanin abin da yake gadi?" Ya miƙe, ya riƙe ƙugu, ya kanne ido ɗaya yana auna bishiyoyin da babban yatsa. "Ta farkon nan zan mai da ita jabana, da wuyanta da bakinta da mariƙinta. Ta tsakiya ƙubba. Ta ƙarshen raƙumi a durƙushe. Dangin mijin nan in suka shigo, sai sun cire takalma tun daga titi."

"Ba na son raƙumi a gidana," in ji Hajja. "Inuwa nake so. Malam ne ya dasa su da hannunsa, Mudi. Ragewa na ce, ban ce aski ba."

"Halas, shi ke nan, Yaya. Ki tafi hankalinki kwance."

Washegari ta hau mota zuwa Mafaza don ta taho da ƙanin marigayi, wanda shi ne waliyyin Ihsan. Ƙurar motar ba ta gama kwantawa ba Mudi ya bayyana, fensir a bayan kunne, adda a hannu, zarto a hammata. Bai shiga gidan ba sai da ya bi layin nan ƙofa ƙofa yana gaya wa mutane su zo su ga aikin da ba a taɓa yi a Gadarif ba. Ya ari tsani a wurin Awad.

"Ya zol, mutumina, me za ka yi da shi?" in ji Awad.

"Aikin muhandis, babban injiniya."

"Muhandis da adda?"

"Kai dai ka kula da tantabarunka."

Ya fara da jabana. Ya sare rassan hagu don wuya ya fito, ya sauko ya ja da baya, sai ya ga dama ta rinjaya. Ya hau ya sare dama. Ya sauko, sai ya ga yanzu hagu ce ta kumbura. Haka ya yi ta hawa da sauka, ganye yana zuba kamar ana sussuka, har ya kai wa wani reshe sara mai kyau, sai da reshen ya kai ƙasa ya tuna shi ne ya ware don bakin butar.

Ihsan ta fito daga ɗaki ta tsaya, hannu a haɓa.

"Kawu, ina bakin jabanar?"

"Wannan irin ta mutanen Kassala ce. Ta sama ake zubawa."

"Mariƙin fa?"

Mudi ya duba ƙasa, ya ga mariƙin kwance kusa da ƙafarsa. Ya ture shi a hankali ƙarƙashin ganye.

"Ta zamani ce. Da tsumma ake riƙewa."

"Ni dai maburgi nake gani," in ji Ihsan. Gaskiyarta kuwa, abin da ya rage sanda ce guda da ɗan tuntun ganye a ka.

"Ke jami'a kika yi, ba lambu ba. Abin fasaha daga nesa ake kallonsa."

"Daga ina? Mafaza?"

Ya ja tsani zuwa ta tsakiya. Ita ce ta fi yawan fure, saboda haka ita ce ƙudan zuma suka fi so. Tun daga ƙasa ana jin gunjinsu kamar injin niƙa. Awad, wanda tuni ya ɗora haɓa a kan katanga yana kallo, ya ce masa ya bari sai rana ta yi sanyi.

"Zuma?" in ji Mudi. "Na Khartum ma da suka kai girman yatsa gaishe ni suke."

Ya cusa tsummokara a gwangwani ya kunna, ya hau da hayaƙinsa. Iska kuwa ta ɗauki hayaƙin nan kaf ta kai shi gidan Awad, ta turara shanyar matarsa, ta bar zumar lafiya lau. Mudi ya sa zarto a wani babban reshe mai leƙa katanga. Ya ci rabinsa ke nan, zuma ɗaya ta sauka a karan hancinsa ta gaishe shi. Ta biyu ta shige cikin kunne. Sauran suka zo gaba ɗaya. Ya yi watsi da zarto, ya kai wa fuskarsa mari, ƙafarsa ta harbi tsani, tsani ya tafi luu ya sauka a kan randar ruwan sanyi ya raba ta biyu. Mudi ya damƙi abin da hannunsa ya samu, ya rataye. Abin da hannunsa ya samu kuwa shi ne reshen da ya ci rabinsa.

"Ihsan! Tsani!"

"Kawu, zuma ta cika wurin!"

"Awad! Kai ba Musulmi ba ne?"

Kafin Awad ya amsa, reshen ya ce ƙaƙas. Ya tafi da Mudi bisa katanga, suka sauka tare a kan ɗakin tantabaru. Langa-langa ya yi ƙara, tantabaru suka tashi fuu suka rufe sama, gashinsu yana sauka a unguwa. Mata suka fito ƙofar gida, masu raksha, wato babur mai ƙafa uku, su biyu suka tsaya a titi suka kashe inji don kada wani abu ya wuce su.

Awad ya tsaya a kansa. "Muhandis, ka iso lafiya?"

Mudi ya tofar da gashin tantabara. "Ina duba yadda ƙubbar take daga ɓangarenka ne."

"Yaya ka gan ta?"

"Akwai sauran gyara."

Da safe ya dawo, ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe ya yi kamar ya saci burodi ya ɓoye a baki. Ya ce laifin kayan aiki ne, mutum kamarsa bai saba da adda ba. A kafaɗarsa kuwa zarto mai inji ne, wanda ya lallaɓa ya aro a wurin Tijjani mai sayar da itace.

"Kawu, don Allah ka bar ta ukun nan," in ji Ihsan. "Ko ita kaɗai ta ishe mu inuwa."

"Ita ce za ta wanke sauran. Matsa."

Ya ja igiya, injin ya yi tari. Ya sake ja, injin ya yi ruri, ya fizgi Mudi kamar ɗan maraƙin da bai san igiya ba. Da ido biyu ma yaya aka ƙare, balle da ɗaya. Ya nufi ƙarƙashin tozo, injin ya ci tozon. Ya ce bari ya daidaita baya, injin ya ci baya. Ya nemi inda ake kashewa bai gani ba, yana juyawa yana kiran Ihsan, injin ya bi ta wuyan raƙumi ya wuce, ya haɗa da ragowar ƙubba da wayar dish ɗin Awad da igiyar shanya. Sai da mai ya ƙare abin ya yi shiru don kansa.

Ihsan ta buɗe kunnuwanta. "Ina kan raƙumin?"

"Ya sunkuya yana shan ruwa."

"A ina?"

"A gidana!" in ji Awad daga bayan katanga. "Ku zo ku ɗauki raƙuminku, ya kwanta mini a kan murhu!"

Ƙura ta lafa. Gungume uku suka tsaya a hosh tsirara, kamar turakun da aka kafa aka manta da rumfar. Rana ta sauko ta zauna a tsakar gidan nan, wurin da bai taɓa ganinta ba tun Ihsan tana goye. Yarinyar ta je ta dafa gungumen tsakiya.

"A nan Baba yake sa angarib ɗinsa, gadon igiyar nan, ya kishingiɗa," ta ce. "Gobe Mama za ta dawo. Gobe kuma baƙi za su zo. Me za ka ce mata?"

Mudi ya ajiye injin a ƙasa. Ya san yayarsa. Ita ta goya shi, ita ta yi masa aure, kuma ba ta ihu in ta yi fushi, kallo kawai take yi, kallon da yake sa mutum ya ji wandonsa ya yi masa yawa. Ya zauna a kan tulin rassa, ya dubi rassan, ya dubi gungumen, ya sake duban rassan. Sai idonsa mai gani ya yi haske.

"Wa ya ce dole ta sani gobe? Kawo mini waya."

"Kawu!"

"Abin da aka cire ai ana mayarwa. Ƙafar mutum ma ana ɗorawa."

Wuni ya yi yana ɗaure rassa a jikin gungume da wayar ƙarfe. Don kada ya ɓata waya, sai ya zarge bishiyoyin uku da zare guda, daga jabana zuwa ƙubba zuwa raƙumi. Daga nesa abin ya soma kama da bishiya. Matsala ɗaya, furen duk ya yi yaushi ya zube, ba ja ko ɗigo. Mudi ya hau raksha ya nufi kasuwa, ya tsaya a shagon kayan roba, ya kwashe duk wani burushin wanke kwalba mai launin ja. Jan bai isa ba, ya haɗa da ruwan lemo. Shi ma bai isa ba, ya ƙara da shuɗi kaɗan.

"Alhaji, kamfanin lemo ka buɗe?" in ji mai shago.

"Noma nake."

Ya dawo ya soke su ɗaya ɗaya a cikin ganye, jajayen a ƙasa inda ido yake kaiwa, shuɗayen can ƙoli.

"Ni ban gani ba, ban ji ba," in ji Ihsan. "In abin ya tashi, kada ka ko dubi inda nake."

Awad ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Wallahi ko tantabaruna da suka gudu, in suka ga wannan sai sun dawo kallo."

Ranar Juma'a da hantsi Hajja ta iso da waliyyi, a gajiye, tabaraunta a cikin jaka. Ta ɗaga kai ta ga kore da ja, ta ce, "Masha Allah, sun ma fi da ja," ta wuce madafa inda mata suke tuƙa tuwon asida. Mudi ya ji kamar an sauke masa buhun dawa daga ka. Da mai hankali ne, da ya sulale gida ya kwanta ya yi jinyar fuskarsa. Amma Mudi ne. Ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani ya karkato shi ya rufe kumburarren idon, ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran yabo.

Bayan sallar Juma'a baƙi suka iso. Maza suka shiga ɗakin baƙi, mata suka zazzauna a kan tabarmi ƙarƙashin bishiyoyi, aka jera manyan faranti na asida da miya. Shugabar matan ita ce gwaggon Khalid, Hajja Khairiyya, tsohuwa mai ƙiba da fara'a, wadda ba abin da yake wuce idonta.

"Wa ke kula muku da bishiyoyin nan?" ta tambaya.

"Ni ne, Hajja," in ji Mudi tun daga ƙofa, kafin kowa ya buɗe baki. Ya matso. "Aikin hannuna ne. Salon Khartum."

Wani busasshen ganye ya sauko yana lilo ya faɗa cikin shayinta. Ta tsame shi. Wani ya biyo baya.

"Ganyen nan kamar yana jin barci."

"Hutun rana yake. Haka irinsu suke."

"Kuma ban ji zuma ba. Tamu ta gida ba a iya zama ƙarƙashinta."

"Na hore su, Hajja. Sai na kira suke zuwa."

Hajja Khairiyya ta dubi leɓensa, ta gyaɗa kai. Sai ta ɗaga ido sama ta ƙanƙance su.

"Wancan shuɗi nake gani?"

"Aure na yi musu da wani iri na ƙasar waje."

"Kai, madalla! Ai kuwa sai na tafi da iri."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ihsan, da ke leƙe ta taga, ta rufe fuska da mayafi. Mudi ya ce, "Hajja bari in tsinko miki," amma tsohuwa ta riga ta kama wani jan fure da ke saitin kanta. Ta ja, bai zo ba. Ta ce, "Ikon Allah, ƙarfi gare shi." Ta sa hannu biyu, ta sakar masa nauyinta duka.

Wayar ta ce tas.

Reshen farko ya sauko, ya jawo na biyu, na biyu ya jawo ɗan'uwansa. Jabana ta tuɓe, ƙubba ta rushe, raƙumi ya biyo su a guje, duk a zare guda. Wani reshe ya nutse a tsakiyar asida ya tsaya cak kamar an dasa shi. Burusai suka yi ta sauka a kan mata, ja da ruwan lemo da shuɗi, wani a cinya, wani a miya, wani ya maƙale a lulluɓin uwar ango. Mata suka watse suna salati. Maza suka fito daga ɗakin baƙi ba takalma. Katangar Awad kuwa ta cika da kawuna, don tun safe ya gayyaci rabin unguwa ya ce su zo da wuri su samu wurin tsayawa.

Hajja Ummuhani ta fito daga madafa da ludayi a hannu. Ta ajiye shi. Ta aika aka ɗauko mata jaka, ta ciro tabarau, ta goge shi da bakin mayafi, ta sa. Ta dubi gungume uku. Ta dubi Mudi.

"Yaya, iska ce..."

Ta ci gaba da kallonsa. Mudi ya ji rawaninsa yana warwarewa da kansa.

Hajja Khairiyya tana tsaye inda take, ganye a kafaɗa, furenta a hannu. Ta juya shi, ta ga mariƙin waya da ɗan zoben ratayewa. Ta kai hanci ta shinshina. Sai kafaɗunta suka soma rawa, ta zauna daɓas a kan tabarma, ta fashe da dariya har da hawaye. Uwar ango ta kama, matan suka kama, katanga ta ɗauka, har waliyyi da ya zo da fuskar manya ya juya baya yana tari.

"Ummuhani, kada ki kashe shi," in ji tsohuwar tana share ido. "Tamu ma awaki da yara sun taɓa yi mata fiye da haka, ta sake tofowa. In dai saiwa tana ƙasa, za ki ga kore. Mu kuwa yarinya muka zo nema, kuma gidan da ake irin wannan noma ba za mu bar shi ya wuce mu ba."

Hajja Ummuhani ta shafa gungumen tsakiya, ta yi ajiyar zuciya, sannan ta juyo.

"Mudi, inuwa na ce maka ina so."

"Haka ne, Yaya."

"To, za ka ba ni ita."

Aka ɗauko babbar tamfol, aka ɗaure gefe ɗaya a katanga. Ɗaya gefen aka damƙa wa Mudi, aka ce ya hau tsani, ya juya wa mata baya, ya ɗaga hannu sama. A haka aka sake zuba abinci, a haka aka sha gahawa, a haka maza suka gama magana aka yi fatiha mata suka rangaɗa guɗa. Duk lokacin da hannunsa ya soma saukowa sai Awad ya ce daga katanga, "Muhandis, rana tana taɓa baƙi," sai hannun ya koma sama.

Da la'asar baƙi suka tashi tafiya, kowace mace da burushi biyu ko uku a jaka, har ana 'yar rigima a kan shuɗayen. Hajja Khairiyya ta tsaya a gindin tsani, ta ɗaga kai ta dubi Mudi, gumi ya jiƙa masa jallabiya sharkaf.

"Ɗana, Allah ya yi albarka, amfanin gonarka ya yi kyau," ta ce. "In kaka ta zagayo, ka dasa mana mai haifar soso. Na wanke-wankena ya tsufa."